Hajiya Rabi da Ɗakin Mai Jego

Safiya ta sauka lafiya, an sami 'ya mace, amma mahaifiyarta Hajiya Rabi ba ta ga jikar ba, Allah Ya karɓi abinSa ana saura 'yan kwanaki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Assalamu alaikum 'yan uwa da maƙwabta. Ni ne mijin marigayiyar, Malam Iliya na Gyadi-Gyadi. Ku yi haƙuri da rubutuna, da furfurata na koye shi a ajin manya na yamma, ita ce ma ta matsa mini na shiga.

Ina kasuwar Tarauni labarin ya same ni. Ita ta aike ni sayen raga, domin ta tagar ɗakin da ta gyara wa Safiya, autarmu, ta yage, ga haihuwar fari ta matso, kuma a gida za ta yi wanka. Ana cikin auna mini sai maƙwabcinmu ya kira ni a waya, ya ce in taho yanzu, Hajiya ta faɗi a bakin famfo. Na iso da ragar a hammata, na tarar har an lulluɓe ta.

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu ya san tsakaninta da ƙuda. Ba ta barin kwano a buɗe ko da yanzu za a ci. Ruwan wanke-wanke ba ya kwana. Kullum da safe sai ta zuba toka a masai ta mayar da murfinsa, ta share kwata har ta gaban gidan maƙwabta. Lokacin mangwaro kuwa, yaro ba ya tashi daga inda ya sha sai ya kai ɓawo da ƙwallo bola ya wanke baki. In mata sun tsokane ta, suka ce ko asibiti ba a wannan fitina, takan ce, "Ƙuda ba ya wanke ƙafa. Daga masai yake tasowa ya sauka a kwanonki."

Da yawa sun ɗauka tsabta ce kawai. Ɗanmu na fari gudawa ce ta ɗauke shi yana rarrafe, a wata damina, muna haya a wani gida kusa da juji. Ba ta taɓa ambatar sunansa ba, yana raye saboda kunya, bayan ya rasu saboda ba ta iyawa. Abin da kawai ta taɓa ce mini shi ne, har aka fita da shi tana kore masa ƙudaje daga baki. Sauran 'ya'yanmu duk sun rayu.

Da aka zauna makoki, jama'a suka yi mana kara. Abinci ya riƙa shigowa daga Tarauni, daga Unguwa Uku, aka jibge kwanuka a tsakar gida, yara na zubar da shinkafa, babu mai hankalin rufewa. Ana haka naƙuda ta kama Safiya, aka tafi da ita asibiti. Washegari da hantsi mijinta ya kira ni da albishir, ya ce da la'asar za a sallamo su. Na yi hamdala ina dariya, hawaye na zuba. Sai na leƙa cikin gida, na ga abin da ban taɓa gani ba tun da muka tare: ƙudaje baƙi ƙirin a kan tabarmi, a kan igiyar shanya, har kan gadon da ta shimfiɗa wa mai jego.

Na bar masu ta'aziyya a ƙofar gida, na ɗauki ragar da guduma na ratsa cikin mata. Na ji ana raɗa cewa mutuwar ta taɓa ni. Yayata Asabe ta biyo ni, ta ce in ji tsoron Allah in koma kan tabarma, manyan mutane na jirana. Na ce, "Yaya, cikin wannan za a kawo mata jikarta?"

Yaya Asabe tana nan ranar da muka rasa yaron. Ta dubi gadon, sannan ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta ce wa matan kowa ta tashi. Aka rufe abinci, aka rabar da ragowa, aka wanke tsakar gida, aka zuba toka. Ni kuma na kafa ragar. A karkace take, amma babu ɓula. Kafin motar da ta ɗauko su daga asibiti ta tsaya a ƙofa, gidan ya koma na Hajiya.

Allah Ka jiƙan Rabi, Ka yafe mata, Ka haskaka kabarinta, Ka haɗa ta da ɗanta a Aljanna. Ka ba Safiya da 'yan uwanta haƙuri, Ka raya wannan yarinya da ubanta ya mayar wa sunan kakarta. Amin.

Ina cikin baƙin ciki, amma ba zan ɓoye murnata ba. Waɗanda suka zo mana ta'aziyya, ku dawo barka. Ku zo ku ga jaririyar, tana nan kwance tana barcinta, fuska a buɗe, babu wanda yake tsaye a kanta da mafici.