Ranar da Na Kira Sunanta a Sakkwato

Murfin tukunya ne ya faɗi a madafa, ƙwal, ya yi ta juyi a kan siminti kafin ya kwanta. Ina zaune a inuwa ina tsintar shinkafa, na ɗaga murya na ce, "Ke! Lahiya?" Sai ga yarinyar ta fito da waya a hannu, ta wuce ni, ta je ta durƙusa gaban Malam, maigidana, ta miƙa masa. Ya karanta sau biyu, ya ce Alhamdu lillahi. An kira ta intabiyu a jami'a a Sakkwato, ranar Alhamis da ƙarfe tara na safe. Karatun likita, abin da take ta wahala a kansa shekara biyu.

'Yar fari ce a wurina. Shekararta goma sha takwas, ban taɓa kiran sunanta ba, haka uwata ta yi wa yayanmu, haka muka taso muka gani. In ina son ta sai in ce "Ke", in ina ba da labarinta sai in ce "ɗiyar Goggo", domin yayar Malam, Goggo Hajo ta Bakura, ita ta ɗauke ta tun yaye har ta gama firamare.

Murna na yi, amma nan take wata damuwa ta zauna mini a ƙirji. Ba na shakkar kanta, Allah ya ba ta. Muryarta nake tsoro. Yarinyar nan in babba na magana da ita, idonta na ƙasa, amsarta kuma sai ka matso kusa. Ni na koya mata hakan, kuma na yi alfahari da shi. Yanzu ga shi an ce manyan likitoci za su zaunar da ita su yi mata tambayoyi, su ga yadda take duban mutum da yadda take bayani. Kuma ba ni da bakin da zan zaunar da ita in ce mata ta saki jiki.

Malam yana koyarwa a sakandaren Kaya, makon jarrabawa ne, ba halin tafiya. Aka shirya in kai ta Bakura in damƙa wa Goggo, su wuce tare, ni in juyo gida.

Talata: Maradun zuwa Mafara

Mun tashi tun kafin kiran Assalatu, amma ba mu fita ba. Yanzu ba mai hawa hanyarmu da duku-duku. Muka yi salla, muka sha kunu, sai bakwai da kwata muka isa tasha. Da gangan muka zaɓi Talata, ranar kasuwar Mafara, motoci na fita a jere. Muka sami wata tsohuwar Golf, mu huɗu a baya, buhun albasa a but, kaji biyu a ƙarƙashin ƙafar wata tsohuwa 'yar Gidan Goga da ke zaune Maradun tun da 'yan bindiga suka tashe su. Direba ya yi bisimilla, kowa ya karanta abin da ya sawwaƙa.

Hanya lafiya lau. Ruwan madatsar Bakolori ya cika magudanai, shinkafar rani ta yi kore shar, masu ban ruwa har sun shiga gona. Na ga dama ta samu, na juya wajen tsohuwar nan na ce da ƙarfi, "Baba, ni ko na ji an ce likitocin yanzu sun hi son wanda ka magana da ƙarhi, shi dube su ido da ido."

Tsohuwa ta dube ni ta ce, "To ni ina ruwana? Ni ba asibiti za ni ba, kaji za ni saidawa."

Wadda na yi domin ta kuwa ta rufe baki da hijabi, kafaɗunta na rawa don dariya. Takwas saura minti biyar muka shiga Mafara.

Mafara zuwa Bakura

Kasuwa ta fara ci, titi ya cushe da amalanke da 'yan kabu-kabu. Na sayi masa mai zafi da ƙullin goro na tsarabar Goggo. Motar Bakura ba ta cika ba sai tara da rabi. Muka bi titin Sakkwato, muka karya a Lambar Bakura, sha ɗaya saura muna ƙofar gida.

Muka iske Goggo a kan tabarma, ƙafa ɗaya a miƙe an ɗaure ta da tsumma, ta kumbura kamar tulu. Ashe jiya da yamma ta zame a bakin rijiya. Sai da muka gama gaisuwa tsaf, gida da gajiya da Malam da yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "To, Amarya, kin dai gani. Sai ki kai ɗiyarki."

Shekara ashirin da aurena, har yau Amarya take ce mini.

Na ce, "Ɗiyarki dai, Goggo."

Ta ce, "Tawa ta, amma ƙahwata ta ƙi. Ke kin yi boko, kin san ƙohwar ofis. Kunyar ki naɗe ta ki sa cikin jaka, in kun dawo ki hiddo abinki."

Bayan la'asar Goggo ta ce za ta yi mata gwaji. Ta sa tabarau na karatun Alƙur'ani, ta ɗora faifai a cinya kamar tebur, ta ce ita ce babbar likita. "Ke yarinya, mi ya sa kike son aikin likita?" Amsa ta fito can ƙasa-ƙasa, ido na kan tabarma. Goggo ta kama kunne ta ce, "Da wa kike magana, da tururuwa? Na kore ki! A shigo da ta gaba!" Aka yi ta dariya, har da ni. Amma tuwon shinkafar da aka kawo da miyar sure, loma uku na iya ci.

Laraba: Bakura zuwa Sakkwato

Bakwai da rabi muka fito, bayan Goggo ta tofa mata addu'a a tafin hannu ta shafa mata a ka. A Lamba muka sami motar Sharon da ta taso daga Gusau da saura wuri biyu. Direban mai surutu ne, tun kafin mu kai Tureta ya san inda za mu da abin da zai kai mu. Ya ce, "Likita, in kin gama ki tuna da bayana, wanga titi ya gama da shi."

Shinge huɗu muka wuce. A na uku wani soja, da ganin yadda yake Hausa ba ɗan nan ba ne, ya leƙo ya ga fayil a cinyarta, ya tambaye ni, "Mama, yarinyarka ne?"

Bakina ya riga ni, na ce, "Ɗiyar Goggo ta."

Ya ce, "To ina Goggo?"

Direba ya ce, "Oga, ita ta haihe ta. Ta hwari ta, shi ya sa." Sojan ya dube ni, ya dube ta, ya ga hanci iri ɗaya, ya girgiza kai yana dariya ya ce mu wuce, Allah ya ba da sa'a. Har Dange ana tsokanata a motar.

Goma da minti ashirin muka shiga Sakkwato, zafi ya tare mu tun daga tasha. Keke ya kai mu gidan wata ɗiyar Goggo da ke aure can, aka ba mu ɗaki ɗaya da fanka da fura mai sanyi. Rabona da in kwana ɗaki ɗaya da yarinyar nan tun tana goye. Da yamma tana ta bitar takardunta, ni ina jan carbi, kowa na satar kallon kowa.

Alhamis: jami'a

Takwas saura kwata muna bakin ƙofa. Mai gadi ya buɗe littafi ya ce, "Hajiya, sunan ɗaliba?" Na miƙa masa takardar gayyata na ce ga shi nan a rubuce. Ya kwafa, muka shiga.

Fili ne babba, da itatuwan dogon yaro, an jera wa iyaye benci a inuwa kusa da ƙofar zauren. Wani ma'aikaci mai riƙe da takarda ya yi bayani: ba a shiga da waya, suna sau uku ake kira, wanda bai amsa ba a wuce shi, sai in lokaci ya ragu a ƙarshe, kuma bai yi wa kowa alkawari ba. Lambarta arba'in da ɗaya. Ta ba ni wayarta na sa a jaka.

Rana ta yi ta tafiya. Wasu su fito suna murmushi, wata ta fito tana kuka. Wajen ɗaya da rabi ana kan talatin da shida, kowane mutum kuma yana cin minti bakwai ko fi. Ta matso ta ce ƙasa-ƙasa, "Inna, bari in yi alwala in yi Azahar kahin a zo kaina." Na lissafa, na ga da sauran lokaci, na gyaɗa kai. Famfon yana can ƙarshen fili, bayan wurin ajiye motoci, 'yan mata sun yi layi.

Ashe mutum uku a jere ba su zo ba, na huɗu kuma bai daɗe ba ya fito. Ban ankara ba sai na ji ma'aikacin ya ɗaga murya ya kira sunanta da na ubanta.

Na miƙe zumbur. Ina hango ta, ta ba ni baya, ta sunkuya tana wanke hannu. Na ce, "Ke!" 'Yan mata kusan goma da ke kusa da ni suka waiwayo, ban da ita. Na ce, "Ɗiyar Goggo!" Ko motsi. Aka yi kira na biyu. Na lalubo waya in kira ta, sai na ji tata a jakata. In na ce in ruga, kafin in je mu dawo an wuce. Ma'aikacin ya ɗaga biro.

Ban san lokacin da na tattara hijabina na hau kan bencin ba. Na cika ƙirji na ce, "BALKISU!"

Wallahi har tantabarun da ke kan rufin sai da suka tashi. Filin ya yi tsit. Ta miƙe tsaye cak, ta juyo a hankali, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunta, tana neman mai muryar. Da ta ga ni ce a kan benci, sai ta kwaso da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Na ce wa ma'aikacin, "Ga ta nan, Malam, don Allah!" Ya sauke biron yana dariya ya ce, "Hajiya, ai ko tana Mafara ta ji."

Ta wuce ni fuska jiƙe, ta dube ni ido cikin ido, ta shiga. Na sauko. Wata mata da ke kusa ta ba ni ruwa ta ce, "Ta fari ce ko?" Na rufe fuska.

Minti goma sha bakwai ta yi a ciki, na ƙirga su da carbi. Ta fito tana murmushi. A cikin keke ta ba da labari, tana kallon titi kamar da mai keken take. Wai tana shiga, babban likitocin ya ce, "Wa ya yi wannan kiran? Har nan muka ji." Ta ce, "Mahaifiyata ce. Yau ta fara kiran sunana." Wata likita a cikinsu ta tuntsure da dariya ta ce ita ma ta fari ce, tata uwar har yau "Wance" take ce mata. Daga nan, in ji ta, ta nemi tsoron ta rasa. Da suka tambaye ta dalilin son likitanci, ta ba su labarin matan ƙauyukanmu da ake kawowa Maradun a kan babur suna naƙuda, har sai da aka ce mata ya isa haka. Mai keke ya ce, "Madalla." Ni kuwa hawaye ke zuba cikin hijabi.

Juma'a: komawa gida

Bakwai daidai muka bar Sakkwato. Muka ratsa Bakura don duba ƙafar Goggo, ashe labari ya riga mu ta waya. Tana hango ni ta ce, "Maraba da mai shela! An ce har benci kinka hau? Ina jakar da kinka sa kunyar?" Na ce na baro ta Sakkwato. Sha biyu muna Mafara, ɗaya saura muka shiga Maradun, Malam na shirin masallaci.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya a kan hanyar da kowa ya san halinta. Na gode wa Goggo, Allah ya ba ƙafarta lafiya, da masu masaukinmu, da direbobin da suka ɗauke mu, da bawan Allahn nan da ya sauke bironsa.

Bayan mako uku saƙo ya zo, an ɗauke ta. Malam ya yi sujada a tsakar gida, maƙwabta suka cika mu da barka. Da la'asar gida ya watse, ƙannenta sun tafi Islamiyya, Malam ya fita. Ina son a kawo mini faifai, na ce, "Ke!" kamar kullum.

Ta fito daga madafa da faifan, amma ba ta miƙo ba. Ta durƙusa gabana, ta ɗago kai ta dube ni, ta ce, "Inna, ba kowa gidan. Sake hwaɗi sau guda, a hankali, in tahi da shi Sakkwato."