Sunan da Ba Mu Iya Faɗa

Maza biyar matata ta jera mini kafin ta haifi mace. Duk haihuwa sai tsohuwata ta je likita, ta ɗaga zane, ta leƙa, ta ce, "Wani ƙaton kuma?" ta nemi takalmanta. Ƙawayenta na tsohon gari kowacce ta samu takwara, wata ma har biyu. Ita kaɗai ta rage, ga shekaru sun ja. Ba ta roƙo, sai dai ta yi ta lissafa mini jikokin mutane ina cin tuwo.

Saboda haka ranar da aka ce mace ce, ban yi shawara da kowa ba. Na bar moto a kwance a garejina, hannuna duk baƙin mai, na karɓi yarinya na yi mata huɗuba da sunan tsohuwa. A hankali na faɗa, cikin kunnenta, don tunda aka haife ni sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Nan ma ba zan rubuta shi ba. Ranar suna ƙanen tsohuwa na tura ya gaya wa liman, ni na tsaya wajen rago.

Na zaci na gama. Ashe yanzu aka fara, domin suna ne da ni ban iya kira, matata ba ta iya kira, yayyen yarinyar ma in sun kira sai sun sha mari. Dole a nemo na kiran gida.

Matata ta ce Ummi. Na ce a layinmu kaɗai Ummi huɗu ne, in kika kira ɗaya duka za su zo da kwanoninsu. Ta ce to Mama. Na ce su uku ne, ɗaya ma mai cizo ce. Surukata, wadda ta taso daga Timia da kwalin lemu da rumman don ta zauna mana wankan jego, tana gefe tana ɓare lemu. Ita ma ta so takwarar, kowa ya sani. Sai a kwana na tara ta ɗaga yarinya sama ta ce, "Wannan ai Ƴar Lemu ce, dubi kumatun."

Na ce, "Inna, lemu kuma? Mutum ce fa."

Ta ce, "Kai ka ba da naka ba ka tambayi kowa ba. Bar ni da nawa."

Kafin magariba yaran sun ɗauka. Kafin Juma'a mai kantin bakin layi yana tambayata ya Ƴar Lemu.

Sai zuwa meri, ofishin magajin gari, yankan takardar haihuwa. Wani matashi mai tabarau ya ce, "Prénom?" Na ce sunan tsohuwata ne. Ya ce, "To, mi sunan tsohuwar taka?" Na dubi rufi. Ya miƙo mini bik ya ce in rubuta. Na ce, "Ɗana, rubutawa da faɗa duk ɗaya ne." Mutanen da ke bayana suka fara tsaki, wani ya ce, "Malam, faɗi mana, ai ba ta nan!" Na ce uwarsa ce ba ta nan. Da ƙyar aka raba mu. Ƙarshe wata mata ta ce in fito da katina na ɗan ƙasa, sunan uwa yana ciki. Na ɗora yatsa a wurin, na kau da kai, ya kwafa.

Na kawo takarda da murna na nuna wa tsohuwa. Ta juya ta gaba da baya, ita da ba ta karatun boko, ta ce, "Shekara ashirin ina jira, sai ku ba ni suna ku kulle shi a takarda? Ni lemu nake ji ana kira cikin gidan nan."

Na ce, "Tsohuwa, ya za mu yi? Kunya ce."

Ta ce, "Ku riƙe kunyarku. Iyayena da suka raɗa mini sun tafi, masu kirana da shi duk sun kusa ƙarewa. Ni zan kira abina."

Haka kuwa aka yi. Da safe sai ta zauna bakin ɗakinta ta ƙwala sunanta da ƙarfi, har maƙwabciya ta aiko a tambaya ko lafiya, ta ji tsohuwa tana kiran kanta. Matata kan shige ɗakin girki, ni in zura takalmi in fice.

Yanzu yarinyar shekararta huɗu. Duk unguwa Ƴar Lemu ce. Amma in kakarta ta kira, ko tana tsakiyar cin abinci sai ta ajiye cokali ta ruga. Rannan na ji ta tsaya gaban tsohuwa, hannu a ƙugu, tana cewa, "Sunana ne, ba naki ba." Tsohuwa ta yi dariya har sai da aka kawo mata ruwa.