Farar Alamar Da Yaya Ilu Ya Kankare

Bana shekara sittin da 'yan kai ke nan da rasuwar yayana Iliyasu, wanda mutanen ƙauyenmu, can kusa da Doguwa, suke kira Ilu Soja. Cikin waɗanda suka ga abin da ya yi ajalinsa ni kaɗai na rage, shi ya sa na ga gara in faɗa tun ina da baki.

Yaya ya je yaƙin ƙasar Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, ya dawo da jikinsa lafiya, amma ba ya ƙaunar ƙarar jirgin sama. Sau ɗaya ya gaya mini dalili, muna huɗa a gona, lokacin ni ma na yi aure. Ya ce a can, kafin a kai hari, hafsoshi sukan zauna gaban taswira su yanke abin da suke so jirgi ya ɗauko musu hotonsa, ko gada, ko mashigin kogi, ko inda ake zaton maƙiya sun ɓuya. Shi kuwa yana cikin waɗanda ake turawa daji leƙen asiri. Wata rana ya dawo ya ce ya hango hayaƙi a bakin wani kogi. Wani hafsa ya zagaye wurin da jan alƙalami. Jirgi mai hoto ya je ya dawo, sai masu bom suka tashi. Da su Yaya suka shiga wurin a ƙafa, babu sojan maƙiya ko ɗaya. Mata ne da yara a ƙone, tukwanen shinkafarsu na kan murhu.

'Yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai, wani Bature ya sauka wurin dagacinmu da tafinta da leburori da 'yan doka biyu. Ya ce za a ɗauki hoton ƙasarmu daga sama don a zana taswira, a kuma nemi kuza. Yana son wanda ya san daji ya nuna masa duwatsu da ƙoramu da rugagen Fulani da ya kamata su fito a hoton. Dagaci ya aika aka kira Yaya, na bi shi.

Yaya ya durƙusa ya gai da dagaci, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, in an ɗauki hoton, wa zai duba shi?"

Tafinta ya ce, "Manya ne, can Ingila."

"Manyan sun san sunan mutum ɗaya a garin nan? Wallahi ko suri ba zan nuna ba."

Aka samu wani ya nuna. Leburori suka zuba farar ƙasa, suka yi wata ƙatuwar alama a fili don matuƙin jirgi ya gane wurin. Kuma dab da rijiyar da matanmu suke ɗibar ruwa suka yi ta.

Washegari da hantsi Yaya ya saɓa fartanya ya tafi, ya kama kankare alamar a gaban kowa. Wani lebura mai suna Sale, mutumin ƙauyen Ba'awa, ya riƙe masa hannu yana ba shi haƙuri. Yaya ya juya ya maka masa ƙotar fartanya a muƙamuƙi. Daga inda nake tsaye na ji ƙarar ƙashin. Sale ya faɗi, haƙoransa suka zube, jini ya rine farar ƙasar. 'Yan doka suka rufe Yaya da kulake. Na shiga tsakani, ɗaya ya fasa mini goshi. Ko da Yaya ya faɗi ba su daina ba, suna duka suna tattaka shi, shi kuwa ba ya ko kare kansa, ihu kawai yake yi: "Ku kwashe yara daga rijiya!" Kafin Baturen ya tsawata musu, haƙarƙarinsa sun kakkarye. An so a kai shi gaban alƙali a Tudun Wada, aka ga ko jaki ba zai iya hawa ba, aka bar mana shi yana tarin jini.

Yanzu kowa na iya duba rufin gidansa a waya, kuma jirage marasa matuƙi suna shawagi kan dajinmu suna neman 'yan bindiga. Ni ma ina so a kori 'yan bindigar, sun hana mu noman nesa. Ban san ko Yaya zai yarda da ni ba. Amma duk ran da na ji a rediyo cewa jirgi ya yi kuskure ya faɗa wa taron jama'a, abinci ba ya ciyuwa gare ni.

Jirgin Baturen ya zo Yaya na kwance a zaure. Da ya ji ƙarar, ya damƙe hannuna har farcensa ya shige. Jirgin ya yi ta kai da kawowa a sama, ya juya arewa, ƙararsa ta ɓace.

Yaya ya ce, "Hamisu, me ya jefa?"

Na ce, "Bai jefa komai ba, Yaya."

Ya saki hannuna. Sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. To, na zalunci bawan Allahn nan. Ka je ka roƙar mini gafararsa."

Bai kai ga girbin dawa ba. Bayan mun yi sadakar bakwai na kama hanyar Ba'awa a ƙafa. Na tarar da Sale an ɗaure masa haɓa da ƙyalle, ana ɗura masa kunu da cokali. Na faɗa masa saƙon, na gaya masa labarin kogin Bama. Ba ya iya magana. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗaga hannuwa biyu ya shafa fatiha.

Ba zan ce Yaya ya yi daidai ba, shi da kansa bai ce haka ba. Bai bar gida na kirki ba, gonarsa ma an raba ta tuni. Abin da na riƙe nasa shi ne, mutum ne da ya ga mata da yara a bakin rijiya, ya yi zaton wuta za ta sauko musu, ya je ya tsaya a wurin da fartanya kaɗai. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Sale, wanda har ya koma ga Allah bai sake tauna nama ba.