Kaskon da Ya Sha Wanki

A gaban rumfar mai sayar da man girki, wani dattijo yana tsaye rungume da kaskon ƙarfe kamar wanda ya kawo jariri awo. Maɓallan rigarsa sun saɓa, kuma da alama babu mai gaya masa a gida. Kaskon ya sha soson ƙarfe har ya yi fari, tsatsa ta fara cin gefensa.

Yana buɗe kwalabe yana shinshinawa, daga man gyaɗa zuwa na riɗi.

"Baba, kowanne ma zai yi," in ji mai rumfar. "Ka shafa kaɗan, ka ɗora a wuta, ka yi ta maimaitawa."

"'Yata, marigayiya matata ba kowanne take sawa ba. Shekara arba'in tana hana ni taɓa shi. Na zaci baƙin nan datti ne, na kankare. Yanzu ko ƙwai kamawa yake."

Ga dukkan alamu wanke-wankensa na farko ke nan a duniya, kuma bawan Allah ya yi shi da zuciya ɗaya.

"Yaushe zai koma yadda ta bar shi?"

Matar ta dubi furfurarsa, ta tuna shekara arba'in ɗin da ya ambata, ta shiga goge kwalbar da ba ta da ƙura.