Lamba Bakwai a Kan Igiya

Jiya da hantsi ina shanya, iska ta kaɗo mini warin jiƙaƙƙiyar rigar ƙwallo, warin sabulu da ragowar zufar da wanki ba ya fitarwa duka. Na tsaya da bokiti a hannu na kasa motsi. Duk wanda ya tashi a gidan ɗan ƙwallo ya san warin da nake nufi. Jikina yana Galtimari inda nake aure, amma hankalina ya koma tsakar gidanmu na Bolori, gindin dalbejiya, inda igiyar Inna ke ɗaukar jajayen riguna goma sha ɗaya duk ranar Litinin.

Babanmu ya buga wa babban kulob ɗin garin nan tun kafin a haife ni. Lamba bakwai yake sawa, gefen dama yake bi, kuma tsofaffin unguwa sun ce in ya ɗauki ƙwallo sai dai a bi shi da ido. Ya je Legas, ya je Inugu, an kira sunansa a rediyo har masu shayi suna tsayar da zuba ruwa. Ni dai gurgunsa na sani, da labaran da yake ba mu bayan la'asar. Akwai wata ƙwallo da ya ci a Jos wadda kullum nisanta ƙaruwa yake yi. Inna takan ce masa, "Bara daga bakin raga ka ce, bana ka koma tsakiyar fili. Baɗi daga Damaturu za ka bugo ta." Sai ya yi dariya ya ce mata me ta sani a harkar maza.

Labari ɗaya ne ba ya yi masa ado. A wani wasa a kudu aka karya masa ƙafa, aka dawo da shi gida wajen maɗori, ya yi watanni a kwance a zaure. Ranar da ya fara takawa ya dogara sanda ya tafi filin wasa don ya gai da abokansa. Yana shiga ya hango lamba bakwai a bayan wani yaro da bai taɓa gani ba. Babu wanda ya aiko ya gaya masa. Ya ce ji ya yi kamar ya je ta'aziyyar kansa. Bai sake buga wa kowa ba.

Daga nan ya koma horar da samarin unguwa a wani filin yashi bayan makarantar firamare. Koci suke ce masa, har Inna in tana son tsokana. Rigunan kulob ɗin goma sha ɗaya ne cif, ba ƙari, don haka in za a yi canji sai mai fita ya tuɓe a bakin layi ya ba mai shiga. A nan Baba ya kafa dokarsa: riga ba ta sauya jiki sai mai ita ya miƙa ta da hannunsa. Ko aure ne ya raba yaro da ƙwallo, ko karatu, ko wani kulob ya ɗauke shi, sai ya zo gidanmu ya cire rigarsa daga igiya, ya ninke, ya sa a hannun Baba. Kafin nan ba mai taɓa ta. Muna yara muna ɗaukar abin rigimar tsoho ce kawai.

Yayana ne ya gaji bakwai. Ba don ɗan Koci ne ba. Baba ya fi matsa masa fiye da kowa, sai da ya shekara a benci kafin mai rigar ya tafi aikin Fatakwal ya bar masa. Siriri ne, dogo, mai gudun tsiya. Ya iya cin burabusko kamar an aiko shi, kuma in ya ci ƙwallo da yamma, ranar ba mai shan iska a gidan saboda surutu.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Ba sai na gaya maka yadda Maiduguri ta koma ba: dokar hana fita, shingaye a kowace kwana, iyaye suna ƙirga 'ya'yansu da ido kafin magariba. Wata safiya a tsakiyar bazara, rana tun da wuri ta fara dukan ƙeya, yayana ya ɗauki ƙwallon kulob da ta yage ya tafi unguwar Fezzan wajen mai ɗinki. Ya ce wa Inna ta ajiye masa kununsa. Kafin azahar muka ji harbi ta can, aka rufe hanyoyi. Wasu suka ce an kwashi samari a mota, wasu suka ce mutanen daji ne suka tafi da su. Baba ya ja gurguwar ƙafarsa duk inda aka ce ya duba, har ɗakin ajiye gawa. An neme shi sama da ƙasa, ba shi ba labarinsa.

Da gari ya ɗan lafa aka koma fili, Baba ya fito da 'yan wasa goma. Gefen dama ya bar shi fayau. Da farko yaran sun haƙura, sun san ciwon. Amma damina ta wuce, wata ta zo, ana ta cin su ta wannan gefen kamar gidan da ba ƙyaure. Kyaftin ɗinsu ya zo zaure ya durƙusa ya roƙe shi. Liman ya zo, kawunmu ya zo, suka ce lokaci ya yi da za a tara mutane a yi wa yaron addu'a, a bar wa Allah ikonsa. Amsar Baba ɗaya ce ga kowa: "Bai dawo mini da rigata ba."

Abin da ba su gani ba shi ne abin da rigar ke yi mana a cikin gida. Duk Litinin Inna na wanke goma masu datti, ta haɗa da ta sha ɗaya wadda ba wanda ya sa. In iska ta shiga cikinta ta kumbura, kafaɗun su cika, sai ka rantse mutum ne tsaye ya ba ka baya. Na sha fitowa daga ɗaki gabana ya faɗi. Muddin tana kan igiyar nan ba mu da ikon kuka, don kuka na nufin mun yarda. Inna ta ci gaba da zuba kunu a kofinsa, ya huce, ta ba kaji. Ta rame har lafayarta ta yi mata yawa. Ina ƙaunar Baba, amma a shekarun nan na ji haushinsa ƙwarai, kuma ban iya faɗa ba.

Ranar da abin ya ƙare, yaran suna zaure da la'asar suna shirin fita wasa. Inna, wadda ba ta taɓa leƙa zauren nan in da maza ba, ta yafa lafayarta, ta cire bakwai daga igiya, ta ninke ta yadda suke ninkewa. Na bi bayanta. Ta tsaya gaban Baba ta miƙa masa.

"Koci, ga rigarka."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Da hannunsa na ce."

Ta ce, "Hannun nasa daga jikina ya fito. Karɓi, ka bar ni in yi kukan ɗana."

Baba ya daɗe yana kallon hannunta, sannan ya sa hannu biyu ya karɓa. Ya kira wani ƙaramin yaro da ya fi kowa daɗewa a benci ya ba shi. A ranar Inna ta yi kukan da ta riƙe tun safiyar kunun nan, maƙwabta suka shigo, washegari aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Baba ya je wasan. An ce da yaron ya ɗauki ƙwallo ya bi gefen dama da gudu, Baba ya miƙe ya ƙwalla kiran sunan yayana, filin duka ya ji. Da aka tashi ya cire usur daga wuyansa ya sa a hannun kyaftin. Bai sake taka filin ba har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu filin ya zama shaguna. Rigar ƙwallo kuwa tuli take a kasuwa, kowace lamba kake so, da sunan wani Bature a baya, yaro ya sa yau ya yar gobe. Har yau ba mu ga gawa ba, ba mu san kabari ba, kuma in na hango dogon saurayi ya ba ni baya a titi nakan rage tafiya. Rigar da nake shanyawa jiya ta ɗana ce. Shi ya zaɓi bakwai da kansa, ban hana shi ba. Sharaɗi ɗaya na kafa masa, yana ta mita wai rigimata ta yi yawa: in ya dawo daga fili ba ya jefa ta a kwandon wanki. Sai ya neme ni duk inda nake a gidan, ya sa mini ita a hannu.