Allon Halliru Tela

Halliru shekararsa arba'in da shida, tela ne a kasuwar Isa, mai keken ɗinki ɗaya da iyali bakwai. A shekarar 1943 ya je Gusau sayen allurai, ya ga kowane babban kanti da allo a goshinsa, mutane na ta shiga. Ya sa aka yi masa nasa, farin fenti da baƙin rubutun boko. Shi kansa bai iya karanta shi ba, amma an ce masa sunansa ne da sana'arsa.

Ya kafa shi bisa ƙofar rumfarsa. Abin da bai lura da shi ba, a shekarar ake ɗiban gwamna, ana kwasar maza zuwa haƙar kuza a Jos, kuma mutanen ƙasar ba su taɓa ganin farin allo da boko ba sai inda hukuma ke zama.

Kasuwa biyu ba wanda ya kawo ɗinki. Manoman Bafarawa suka riƙa kewayewa ta bayan 'yan gishiri. Aka ce igiyar awon da yake ratayawa a wuya ta gwada ƙirjin waɗanda za a kwasa ce.

Ran nan wata mata daga Kurawa, Tasalla, ta durƙusa a bakin rumfar.

"Malam, don Allah ka hidda sunan maigidana. Shi kaɗai ka noma muna."

Ya rantse mata babu sunan kowa a hannunsa. Ta dubi allon, ta tashi tana kuka. Da yamma maƙwabcinsa Bawa baduku ya raɗa masa cewa wasu sun fara zancen sa wa rumfar wuta.

Halliru ya yi niyyar cire allon, sai ga Di'o, Baturen mulki, ya biyo rangadi. Ya tsaya, ya karanta, ya yi murmushi, tafintansa ya ce Bature ya yaba, kuma in ya komo zai so ya sami allon a wurinsa. Duk kasuwa ta ga tsayawar.

"In na cire, Nasara, in na bari, 'yan'uwana," Halliru ya ce wa Bawa. "Ina za ni?"

Ranar kasuwar da ta biyo baya ya ɗauki kekensa a ka, ya koma gindin tsamiya can wajen masu awaki, ya bar allon bisa rumfar da ba kowa ciki.