Matar da Ta Tono Sunan Tanko a Yamai

Kafin planto, wato masinja, ya gama yayyafa ruwa a ƙofar meri, ofishin magajin gari, Hajiya Zulai ta riga ta iso. Ɗakinta ne na ƙarshe, can baya kusa da randa, mai taga ɗaya. Tana buɗewa sai ta durƙusa ta duba gwangwanayen baƙin mai da ta tsoma ƙafafun kantoci a ciki saboda gara. In ta ga lafiya, ta yi bisimilla ta zauna. Takardun haihuwa, na aure, na rasuwa, da dosiyen, wato fayil ɗin, kowane ma'aikacin kominmu, ƙaramar hukumarmu ke nan, daga sakatare har mai shara, duk a hannunta suke. Shekara talatin da takwas haka. A watan nan ta ajiye aiki, ta miƙa makulli, ta ɗauki butarta da dardumarta ta tafi gida.

Ban yi lakwal, wato boko, mai nisa ba, kuma yabo ba halina ba ne. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashina lokacin ina shugaban leburori sun sani. Amma akwai abin da matar nan ta yi a gaban idona, in na yi shiru ban kyauta ba.

Muna da furiyar, wato garken da ake tsare dabbar da ta yi ɓarna a gonar wani har mai ita ya zo a sasanta. Mai gadinsa na farko Ɗanlami ne. Da ya rasu, ɗansa Tanko, yana ɗan shekara sha tara, ya ɗauki sandar da guga ya ci gaba, kamar yadda ɗan maƙeri ke zama a maƙerar ubansa. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ya hana shi. Ƙarshen wata ya zo ya dangwala yatsa a gefen sunan mahaifinsa, ya karɓi albashi. Duk gari ya sani. Shekara talatin da ɗaya yana shayar da dabbobin mutane, ko ɗan akuya bai taɓa ɓata a hannunsa ba.

Shekara bakwai da suka wuce aka turo mutum biyu su tantance ma'aikatan komin, don a fitar da sunayen da babu masu su. Aka kira Ɗanlami, Tanko ya miƙe. Ƙaramin cikinsu ya dubi takarda, ya dubi Tanko, ya ce, “Baba, takarda ta ce shekarunka tamanin da bakwai. Mi kake ci ne, mu ma mu samu?”

Aka yi dariya. Tanko bai yi ba. Ya ce wannan sunan ubansa ne, kuma ya daɗe a kabari.

Nan take aka karɓe makullin furiyar. Suka ce wata guda suka ba shi. In bai kawo shaidar cewa bai ɓoye mutuwar ba, magana za ta tafi gun jandarma. Ba su yi zalunci ba, abin da takarda ta nuna masu ke nan. Amma kafin ranar kasuwa ta zagayo, mutanen da suka san gaskiya sarai su ne ke kiransa mai cin albashin matacce. Tanko ya daina fita. Ko masallacin Juma'a sai an tada salla yake zuwa, ya tsaya a sahun ƙarshe.

Zulai ta kwana uku tana juya dosiyen Ɗanlami, babu layi ɗaya da zai taimaka. A rana ta huɗu ta yafa mayafi ta tafi gidan Tanko da la'asar. Ta same shi zaune yana tufkar igiya, ga shi babu dabbar da zai ɗaure. Ta tambaye shi ko ya tuna ranar da depitoci uku, 'yan majalisa, suka zo bincike a kan rigimar manoma da makiyaya, suka zauna a ƙarƙashin gawon furiyar. Ya ce ya tuna.

“Ka yi magana ran nan, Malam Tanko?”

“Na yi. Na ce masu Baba ya rasu, a sa sunana.”

“Wa ya ji?”

“Su da jakai, Hajiya.”

Ta ce, “Da wani siriri mai tabarau da ke rubuta duk abin da aka ce. Ni na kai mashi kujera.”

Ta san abin da depite ya ji a bakin aiki ba ya zubewa a ƙasa, ana kai shi majalisar dokoki a ɗinke a ajiye. Sai dai ita da Tanko babu wanda ya riƙe shekarar. Abin da ta tuna shi ne sakatare ya yi mata faɗa don ta ɗauki kujera da tsohon ciki. Ta koma ɗakinta ta jawo littafin haihuwa, ta nemo sunan ɗanta Nura. Ga shekara, ga wata.

Ta karɓi hutunta na shekara, wanda ta tanada don bikin 'yar ƙanwarta, ta shiga mota zuwa Maradi, daga nan ta kama hanyar Yamai. Ba wanda ya aike ta. A ɗakin ajiyar takardun majalisa, mai kula da wurin ya gaya mata ba a jera su da sunan gari ba, sai da zaman majalisa, kuma zaman shekarar nan kaɗai ya cika kanta guda. Ta ce ita ma mai wannan aiki ce, a ba ta kujera kawai.

Ta bi su shafi shafi da yatsa. Muhawara a kan hanya, a kan taki, a kan rijiyoyi. A rana ta uku ta samo rahoton depitocin nan. Ya yi maganar Gabi, ya yi maganar Safo, ya yi maganar burtali da mashaya. Babu Tanko. Ta ce min a nan ne ta fita ta yi alwala ta zauna a inuwa tana tunanin fuskar da za ta komo da ita. Sai ta tambayi kanta, in ita ce aka ba wannan rahoto, ina za ta sa maganar mai gadi, wadda ba ta shafi manomi ba kuma ba ta shafi makiyayi ba? A baya. Cikin tarkacen da ake haɗawa da rahoto don kada a ce an yar. Ta koma ta nemi wannan. Ashe an ɗinke shi a kundi na gaba.

Layi huɗu ne. Mai gadin furiyar, Tanko ɗan Ɗanlami, ya shaida cewa mahaifinsa ya rasu shekara shida da suka wuce, shi ke riƙe da aikin, yana roƙon a rubuta sunansa.

Ta sa aka yi mata kwafi aka buga hatimi. Ta dawo da kumburarrun ƙafafu, saura kwana biyu wa'adi ya cika. Babban cikin masu tantancewar ya karanta sau biyu, ya ce mutumin da ya faɗi magana a gaban wakilan ƙasa ba a ce ya ɓoye ta. Aka mayar wa Tanko makulli, aka lissafa masa shekarunsa.

Ina tsaye ranar da ta buɗe masa sabon dosiye. Ya ce ta nuna masa inda sunansa ya fara da inda ya ƙare. Ta nuna. Ya daɗe yana kallo kafin ya dangwala. Sannan ya tambaya me za a yi da na Baba. Ta ce ba za a soke shi ba. Ta rubuta ranar rasuwarsa, ta ɗaure da zare, ta ɗora a kanta ta sama.

Tanko ya ce, “Ashe yau Baba ya sauka daga aiki.” Ya ɗaga hannu, muka yi fatiha mu uku.

Shekara ashirin ina kallon Tanko yana sa yatsa a gefen sunan mamaci, ban taɓa buɗe baki ba. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Hajiya Zulai, uwar takardu, ke ce kika ga mutum a inda muka ga layi. Ke ce kika bar biki kika tafi neman mutuncin wanda ba danginki ba, ba ki kuma taɓa goranta masa ba. Na gode. Tanko ya gode. Allah ya ba ki hutu mai lafiya, ya sa a samu sunanki a inda ake so ranar da za a buɗe littafin kowa.

Ku kuma da kuka gaji kujerun nan, kuna da na'ura, ita kuwa Hajiya Zulai yatsa kawai gare ta. In talaka ya tsaya a gabanku takarda ta ƙaryata shi, kada ku yi saurin rufe dosiye. Ku duba baya.